Rigar Maɓalli Ta Yi Mata Kaɗan

Ɗana, rigar 'yarka Maɓalli ta yi mata kaɗan! Ka ji ni da kyau, rigar makarantarta ta matse ta a kafaɗa, kuma ita da kanta ta ɗauko ta yau da hantsi, ta shigo shago ta ajiye a kan teburin yanka, ta ce wa gwaggonta, ƙanwarka, a buɗe mata ita a ƙara faɗi. Ba wanda ya sa ta, ba wanda ya lallashe ta. Ina zaune a bakin ƙofa ina shan iska, da na ji sai na miƙe ban ma nemi sandata ba, har innarka take cewa dama ta san ciwon gwiwar nan na ganin dama ne. Likita ta hana mu yin murna a gaban yarinyar a kan duk abin da ya shafi jikinta, don haka na haɗiye, na zagaya bayan shago wajen da muke shanya yadi, na ɗaga hannu na gode wa Allah, na yi kukana ni kaɗai. Tun ina saurayi nake buɗe riguna, ban taɓa sanin buɗe riga zai sa ni hawaye ba.

To, yanzu da na sauke wannan, assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka na wurin walda. Allah ya kare idonka daga hasken wutar nan, ya tsare ka daga sharrin ƙarfe, ya sa albarka a abin da kake nema. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Innarka ta samu sauƙin tarin da ya dame ta. Ƙanwarka tana riƙe da shago yadda ya kamata, ta ƙara keken ɗinki ɗaya. Matarka tana nan tana fama, kuma in ana maganar haƙuri a gidan nan, ita ce gaba, mu muna biye.

Ka san da furfura a kaina na shiga ajin yamma na manya na koyi riƙe biro, rubutu yana ɗauke mini lokaci. Duk da haka na zaɓi in rubuto maka, domin in na kira ka a waya kana katse ni, ni kuma in an katse ni sai in manta inda na tsaya in kama faɗa. A takarda dole ka bi ni har ƙarshe. Kuma gara in faɗa maka tun yanzu, murnar da na fara da ita ba ta wanke ka ba. Raina a ɓace yake da kai, ɓacin da rabona da irinsa tun kana yaro.

Saƙon muryar da ka turo wa matarka ya zo kunnena. Ka ce wai a daina kai 'yarka wurin likitan ƙwaƙwalwa. Ka ce wai ƙoshi ne ya yi mata yawa, da yunwa ta taɓa ta da gaske da ba ta yi wa abinci yanga ba. Ka ce raunukan hannunta neman a kula ta ne, in an share ta za ta daina. Ka ce duk wanda ya tambaya a ce masa gyambon ciki ne, kada a ja wa gidanmu abin faɗa. Na sa an maimaita mini saƙon, ko kunnena ne ya yi tsufa. Ashe dai kai ne. To amsata ita ce a'a. Muddin ina numfashi a gidan nan, ranar zuwa asibiti ba za ta wuce Maɓalli tana zaune a ɗaki ba, ko da a bayana zan goya ta.

Kai ba ka nan aka yi, hoto kawai kake gani a waya, daga wuya zuwa sama. Bari in gaya maka yadda abin ya shigo gidan teloli ya zauna, mu da muke cika baki cewa da ido kaɗai muna sanin awon mutum.

Ka san yadda muke aiki a shago tun zamanina. Mai awo yana riƙe da tef yana ɗaga murya, kafaɗa kaza, ƙirji kaza, ƙugu kaza, mai alli yana can ƙarshen teburi yana zanawa a jikin yadi. Duk wanda ke shagon sai ya ji. Haka ake yi wa Maɓalli tun tana rarrafe a ƙarƙashin teburi tana tsintar maɓallai tana kaiwa baki, har sunan ya bi ta. Da ta fara girma jikinta ya cika, irin na danginmu, sai awon nata ya zama abin nishaɗi. Gwaggonta ta kira ƙugu, matan da ke jiran ɗinki su kwashe da dariya, wata ta ce wai wannan sai an ƙaro yadi, wata ta ce a rage mata cokali. Kai kuma zuwanka na ƙarshe, ka tuna? Ka shigo ana auna ta, ka dafa kanta ka ce wai buhun Baba ya kusa fin ƙarfin ɗauka. Ka faɗa da so, na sani. Ita ma ta yi dariya. Amma daga baya ta gaya wa likita cewa tun ranar take jin kalmar a kunnenta duk lokacin da aka ajiye faranti a gabanta.

Sai ta fara ramewa, kuma a nan ne sana'armu ta rufe mana ido. A gidan da ba tela, in yarinya ta rame, riga za ta riƙa yawo a jikinta, ko makaho ya shafa ya ji. A gidanmu kuwa riga ba ta kwana da sako-sako. Da gwaggonta ta hango kafaɗa ta ɗan sauka, sai ta ce cire in kama miki, kafin shayi ya huce ta dawo mata da ita cif-cif. Bayan 'yan makonni a sake kamawa. Kullum yarinyar tsaf, kaya sun zauna mata kamar a jikinta aka haife su. Matan nan da suka yi mata dariya su ne suka koma yaba ta, wai Maɓalli ta zama 'yar gayu, wai ta gaya musu sirrin. Ta ce tana son dogon hannu mai maɓalli a wuyan hannu, aka ɗinka mata, har aka rataye irinsa a gaban shago saboda masu sha'awa. Ana tsananin zafi tana cikin dogon hannu, ba wanda ya ce me ya sa. Da hannunmu muka ɗinka wa ciwon nan murfi, da zare mai kyau, ɗinki ba karkace.

A wajen cin abinci kuwa ta fi kowa hidima. Ita ce zuba wa wannan, ita ce ɗebo wa wancan ruwa, ita ce yanka mini burodi ƙanana saboda haƙorana. Kafin ta zauna kowa ya tashi. In uwarta ta yi magana ta ce ta ci a makaranta, a makaranta kuma ta ce ta ci a gida. Muka yi ta sa mata albarka, wai yarinya mai ladabi.

Rannan ta yanke jiki ta faɗi a matakalar makaranta. Malamarsu ta kai ta asibiti kafin a kira mu. Da muka isa na tarar an cire mata rigar an sa mata ta asibiti mai gajeren hannu. Ɗana, ban gane jikata ba. Ba zan zana maka abin da na gani a hannuwanta ba, sirrinta ne, in ta yarda wata rana ita za ta nuna maka. Abin da zan ce kawai, akwai tsofaffin tabo akwai sababbi, kuma gwaggonta da ta gani sai ta zauna a ƙasa tana cewa ni na ɗinka hannun, ni na ɗinka hannun. Likitar da ta duba ta ta ce bugun zuciyarta ya yi rauni ƙwarai, da an ƙara jinkiri da labarin ya zama wani. Wannan shi ne abin da kai daga can kake kira yanga.

Likitar ƙwaƙwalwar da aka haɗa mu da ita mace ce mai sanyin magana, ba ta zagi kowa ba, ni da na so ma ta zage mu. Ta zaunar da mu ta ce wannan cuta ce mai suna, kuma tana kama 'ya'yan masu hali da na marasa hali, mata da maza. Ta ce mai ita yana jin yunwa kamar kowa, amma tsoro ya fi yunwar ƙarfi, kamar a ce maka ka sa hannu a wuta sau uku a yini. Ta ce ba abu ɗaya ke kawo ta ba, don haka kada mu tsaya neman wanda za mu rataya wa laifi, amma maganganun da ake yi a kan jikin yaro suna ba ta wurin zama. A kan raunukan kuma ta ce yawancin masu ji wa kansu ciwo ɓoyewa suke yi, kuma wanda ya ɓoye abu wata da watanni a ƙarƙashin riga ba kallo yake nema ba. Damuwa ce ke cika musu ƙirji har su rasa inda za su kai ta. Ta ba mu 'yar takarda mai bayani, na zauna na karanta ta da kaina a hankali, na karanta wa innarka. An rubuta cewa duka da gori da sa mutum ya yi rantsuwa ba sa raba shi da abin, sai dai su koya masa ɓoyewa da kyau. An rubuta cewa ana warkewa. Wannan layin na ja masa biro a ƙasa.

Ita kanta Maɓalli, wata rana ina gefen gadonta ina ba ta labarin banza don kada shiru ya yi yawa, sai ta ce mini wai Tsoho, ka san ba mutuwa nake so in yi ba, so nake abin da ke surutu a kaina ya yi shiru. Na ce mata to ni ma surutu ne da ni, amma in ta yarda za mu haɗu mu fi shi baki. Ta ce wai ai ni ko rediyo bai fi ni surutu ba. Wannan ce dariyarta ta farko, kuma ba ta yi ƙarfi ba.

Da aka sallamo ta muka juya gidan. A shago an daina kiran awo da murya, na kowa ma, ba nata kaɗai ba. Mai awo ya zo kusa da mai alli ya faɗa a hankali. Da farko aikin ya riƙa tafiyar hawainiya, gwaggonta tana ƙorafi, yanzu kuwa har masu kawo ɗinki sun fi son haka, ashe da yawansu kunya suke sha suna yin shiru. Likita ta ce a kawar da abubuwa masu kaifi daga inda hannu zai kai da sauri. Ka yi tunanin wannan a gidan teloli! Muka sayi akwatin ƙarfe, da an tashi aiki komai ya shiga a kulle, makullin yana wuyan innarka, kuma ka san karɓar abu daga wuyan innarka sai an shirya. An gaya wa yarinyar dalili a fili, ba a yi mata kamar ɓarauniya ba. Abinci kuma tare muke ci, a kan lokaci, gwargwadon yadda masu kula da ita a asibiti suka tsara. Ba mai tashi sai ta gama. Ba a cewa ƙara loma ɗaya don Allah, ba a zura mata ido, hira ake yi ta duniya. Ni aka ba aikin hirar, tunda an ce baki gare ni.

Kada ka ɗauka abin ya tafi sumul. Akwai ranar da ta ture farantin shinkafa ya tarwatse a ƙasa, ta ce duk mun tsane ta, ta ce ni ne shugaban munafukai. Na share shinkafar, uwarta ta zubo wata, muka sake zama. Akwai ranar da ƙwai ɗaya ya kai mu har ya yi sanyi ƙalau. Akwai ranar da ta zo wa uwarta da sabon rauni, uwar ta wanke ta ɗaure ba ta ɗaga murya ba, ta ce mata ta gode da ta faɗa, sannan ta kira asibiti. Bayan yarinyar ta kwanta matarka ta shiga kicin ta toshe bakinta da mayafi. Wannan matar kake turo wa umarni daga nesa kamar mai aiken yaro kasuwa.

Akwai kuma maƙwabciyarmu mai sayar da kayan kwalliya, wadda ta leƙo ta ga yarinyar ta ce wai masha Allah an fara murmurewa, kumatu sun dawo, a dai yi hattara kada a koma gidan jiya. Ban san lokacin da na raka ta har titi ba. Na ce mata in ta sake auna jikata da ido, ni ma zan auna ta da tef a tsakiyar layi in kira lambar kowa ya ji. Innarka ta ce na yi rashin kunya. Na ce na yi, kuma gobe ma a shirye nake.

Yanzu ga abin da ya fi ƙona mini rai. Saƙon nan naka, matarka tana guga ta buɗe shi, wayar tana kan teburi da ƙara, ba ta san abin da ke ciki ba. Maɓalli tana bayan ƙofa. Ta ji komai, daga ƙoshi har gyambon ciki. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta shiga ɗaki ta juya wa bango fuska, abincin rana ya wuce, na dare ya wuce, washegari ma da ƙyar. Aikin da muka yi wata da watanni muna tarawa da cokali, ka zo da murya ɗaya ka kusa kifar da shi. Da na shiga wurinta abin da ta tambaye ni shi ne wai Baba kunyarta yake ji? Ka gaya mini, me zan ce? Na ce mata babanki tsoro ne ya kama shi, shi kuma tun yana ƙarami in ya tsorata faɗa yake yi. Na faɗi haka domin na yarda gaskiya ce. Kada ka mayar da ni maƙaryaci a wurin jikata.

Abin faɗa kake gudu? Mutanen da kake tsoron bakinsu, wanne ne a cikinsu ya kwana a benci a asibiti? Wanne ne zai zo ya haƙa mata kabari ya kuma dawo ya zauna da uwarta? Su dai su ci su shafa baki su sami na taunawa. In ciwon sukari ne ya kama ta za ka ce a ɓoye a daina karɓar magani? Ni na haife ka, na san ba mugu ba ne kai. Kana can kana ƙona fatar hannunka don su ci su yi karatu. Amma wannan karon ka yi magana irin ta wanda bai sani ba, kuma bai tambaya ba.

Duk da haka yarinyar nan ta tashi. Ta koma kan farantinta, ta koma wurin likitarta, yau kuma ga ta da riga a hannu. Gwaggonta ta juya rigar ta baya za ta farke, sai ga ɗinkin kamun da ta yi ta yi, layi a bayan layi, kowanne ya fi na baya shigewa ciki. Ka san dokata a shago, in an kama riga ba a yanke ragowar yadin, a ciki ake barinsa. Ƙanwarka ta tsaya tana kallon ɗinkin, ta kasa farkewa. Maɓalli ta ce wai Gwaggo in ba za ki iya ba ki ba Tsoho, shi ba ya gani sosai, ba zai tsaya kallo ba. Ni na farke layin farko. Tana tsaye fuskarta a ɗaure, ta ce kada wanda ya ce mata komai, ba daɗi take ji ba, kawai ta gaji da jiri ne kuma tana so ta koma aji ta zana jarrabawa da 'yan ajinsu. Likita ta riga ta gaya mana cewa irin wannan ranar tana da nauyi a wurinsu, kuma ba ita ce ƙarshen hanya ba. Saboda haka kai ma in ka kira ta, kada ka ambaci rigar.

Ga abin da nake so daga gare ka, kuma ba roƙo nake yi ba. Ka kira ta, ita, ba uwarta ba. Kada ka tambaye ta me ta ci. Kada ka ce ta yi kyau, kada ka ce ta rame ko ta ciko. Ka ce mata ka yi kuskure a saƙon nan, da bakinka, ba tare da amma ba. In ta yi shiru ka jure shirun, kada ka cika shi da wa'azi. Sannan ka nemi hutu wurin shugabanku ka zo. Likita tana tara iyali lokaci-lokaci, ta jera kujeru a ɗakinta, mu zauna mu yi magana a gaban juna. Kullum kujera ɗaya tana ragowa. Maɓalli takan ɗora jakarta a kai in mun shiga, can kuma sai in ga ta sauke jakar ta ajiye a ƙasa, ta bar kujerar haka. Ba ta taɓa cewa komai a kai ba, ni ma ban tambaya ba.

Innarka tana gaishe ka, ta ce in gaya maka ta fi ni fushi, rubutu ne kawai ba ta iya ba. Ƙanwarka tana gaisuwa, matarka ma haka, ko da yake ba ta san na rubuta wannan ba. Ka gaida mini kawunka na wajenku da iyalinsa, ka gaida ɗan gwaggonka mai tuƙin babbar mota, da mai gidan da kake haya, Allah ya saka masa da alheri. Allah ya yi maka albarka, ya sanyaya zuciyarka, ya kawo ka lafiya.

Ni ne mahaifinka, tsohon tela. Kafin in naɗe takardar na tambayi Maɓalli ko in gayyato dangi, domin ba zan buɗe ƙofa a kan lamarinta ba da izininta ba. Ta yi tunani ta ce ta gaji da ƙaryar gyambon ciki, duk mai iya riƙe bakinsa a kan jikin mutane ya zo. To ka ji. Ka zo, ka taho da kawunka da matarsa da duk wanda mota za ta ɗauka, a shimfiɗa tabarma har cikin shago. Ku zo ku gan ta da yamma ta baje ludo a kan teburin yanka, tana lallasa kakanta da maguɗi ido na ganin ido, tana rantsuwa cewa ni ne ban iya ƙirga ba. Ku zo ku gani da idonku!